Firji ɗaya, firiza ɗaya, da janaretan da ya kasa tayar da su

Ƙorafin da mutanen gidan suka zo da shi gajere ne: janareta ba ya ɗaukar firiza. Gida ne a cikin birnin Kano, da firji mai ƙofa biyu a kicin, da firiza ta kwance mai cin lita 300 a baranda, wadda uwargida ke zuba ruwan leda da zoɓo na sayarwa, a gefe guda kuma naman gida. Janaretansu ƙaramin nan ne mai lamba 950, wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Ya daɗe yana riƙe musu fankoki da fitilu da talabijin ba a ji kansa ba. Shigowar firiza ce ta tono matsalar.

Da an soka filogin firizar sai ƙwan fitila ya dushe ya koma ja, muryar janareta ta yi ƙasa kamar an shaƙe shi, firizar ta yi gurnani na daƙiƙa uku zuwa biyar, sai a ji "ƙas" daga bayanta, komai ya dawo daidai. Bayan minti biyu ko uku a sake maimaitawa. A haka za a kwana, da safe a tarar da ruwan leda yadda aka zuba shi. An kira mai gyaran firji, ya canza rile, wato ƙaramar na'urar da ke taimaka wa kwampireso tashi, ya ƙara gas, ya karɓi kuɗinsa. Da wutar NEPA ta zo firizar ta yi aiki lafiya, kowa ya ce an gyara. Da aka koma kan janareta sai ga "ƙas" ɗin nan ya dawo.

Wannan kaɗai ya isa hujja. Na'urar da ke aiki a kan wuta ɗaya ta ƙi a kan wata, lafiyarta ƙalau, wutar ce ba ta ishe ta ba. Ƙarin gas ɗin ma bai da dalili, domin gas ba ya ƙarewa sai in akwai inda yake yoyo, kuma gas ɗin da ya wuce ma'auni nauyi yake ƙara wa kwampireso.

Abin da ke faruwa a daƙiƙar farko

Maigidan ya yi lissafinsa kafin ya haɗa, kuma lissafin bai yi kama da na wauta ba. A jikin firizar an rubuta wat 190, a jikin firjin wat 130. Ya haɗa ya samu 320, ya dubi janaretansa ya ga 950, ya ce ai har da rara. Kuskure biyu ne a ciki. Na farko, 950 lambar samfuri ce. Irin wannan janareta galibi wat 650 yake bayarwa a aikin yau da kullum. Na biyu, wanda ya fi girma, wat 190 ɗin abin da firizar ke ci ne bayan ta riga ta tashi.

Kwampireso mota ce ta lantarki da ke tura gas. Lokacin da take tsaye cik aka ba ta wuta, babu abin da ke rage mata jan wutar sai waya da ke naɗe a cikinta, don haka takan ja ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ja idan tana gudu. Wannan jan ba ya wuce rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa ɗaya idan wuta na da ƙarfi: rile ya ba kwayil ɗin tayarwa, wato naɗin wayar da ke fara juya motar, wuta, mota ta juya, rile ya cire shi, ja ya sauko. Wutar layi ba ta ko jin wannan fizga, saboda taransifoma ce babba a bayanta. Ƙaramin janareta kuwa yana ji har ƙashinsa. Injinsa ya rage gudu, ƙarfin wuta ya faɗi daga bolt 230 zuwa ƙasa da 170, kuma ƙarfin juyin mota yana faɗuwa fiye da yadda bolt ke faɗuwa: in bolt ya ragu da kashi 30 cikin ɗari, ƙarfin juyin ya ragu da kusan rabi. Motar ta kasa juyawa, ta ci gaba da jan wuta mai yawa a tsaye, wayarta ta yi zafi, sai obalod, makarin da ke cire wuta in mota ta yi zafi, ya yanke. Ƙarar obalod ɗin ce "ƙas" da ake ji. Yana hucewa ya sake haɗawa, a koma gidan jiya.

Abin tsoron shi ne kowane zagaye yana gasa kwayil ɗin kwampireso kaɗan kaɗan. Firizar da ake cewa janareta ya ƙona ta, sau da yawa ƙarancin wuta ne ya kashe ta a hankali ta wannan hanya.

Awon da aka yi

An jira wutar layi ta zo da ƙarfinta, bolt 228 a soket, sannan aka auna da mitar nan mai baki kamar ƙaguwa da ake maƙala wa waya ta nuna amfiya, wato yawan wutar da ake ja. Ana maƙala ta a waya ɗaya ne tak, mai wuta. In aka haɗa biyun a bakinta sifili za ta nuna. Don kama jan tashi ana buƙatar mita mai maɓallin riƙe lamba mafi girma, in kuma babu, a duba jikin kwampireso, wasu kan rubuta LRA da lamba a gabansa, wato amfiyar da yake ja a tsaye.

Firji ya nuna amfiya 0.9 yana gudu, 6 wajen tashi. Firiza ta nuna 1.3 tana gudu, 9 wajen tashi. Idan aka ninka da bolt 230, firji na cin VA 207 (VA shi ne bolt sau amfiya) a gudu da 1,380 a tashi, firiza kuma kusan 300 a gudu da 2,070 a tashi.

Za a lura 207 ta fi 130 da ke rubuce a jikin firjin, 300 kuma ta fi 190. Ba mitar ce ta yi ƙarya ba. Mota mai kwayil tana jan amfiyar da ta fi wat ɗin da take mayarwa aiki, kuma wayar janareta amfiya take ɗauka, ita ke sa ta zafi. Shi ya sa lissafin janareta na firji da VA ake yinsa, bolt sau amfiya. Wanda ya tsaya kan wat ɗin da ke jikin takarda zai rage wa kansa kusan kashi ɗaya cikin uku tun kafin a zo maganar tashi.

Firjin yana da wani abu kuma. Irin wanda ba ya tara ƙanƙara ne, yana da hita a ɓoye da ke kunna kanta lokaci lokaci ta narkar da ƙanƙarar da ta taru a jikin bututun sanyi. Takardarsa ta nuna wat 180 ga wannan hitar. Tunda kwampireso a kashe yake lokacin da take aiki, ba a haɗa su biyu a lissafi, wanda ya fi girma ake ɗauka. A nan kusan kai ɗaya suke, sai aka bar 207. A manyan firjoji masu ƙofa gefe da gefe hitar kan fi kwampireso ci nesa ba kusa ba, dole a duba.

Sauran kayan gidan da ba za a kashe ba: fankar sama uku, wat 75 kowace, ƙwan LED takwas na wat 10, talabijin da dikoda wajen wat 100, cajin waya wajen 30. Jimla 435, aka ɗauke ta a matsayin VA 500.

Daga nan lambobi uku suka fito. Idan komai na gudu lami lafiya, 207 da 300 da 500, wato wajen 1,010. Idan firiza ta tashi alhali firji da sauran kaya suna kunne, 2,070 da 207 da 500, wajen 2,780. Idan kuma firji da firiza suka tashi a daƙiƙa ɗaya, 1,380 da 2,070 da 500, wato 3,950.

Ta tsakiyar ita ce ke yanke girman janareta. Ta farko tana faɗin man da za a sha ne kawai. Ta ukun kuwa ba a sayen janareta dominta, hana ta faruwa ake yi, kuma hakan ya fi arha ƙwarai.

Janaretan da ke kanti da janaretan da ke tsakar gida

Lambar da aka manna da manyan baƙaƙe a jikin tanki ba abin dogaro ba ce. Akwai ƙaramin allo a gefen injin ko jikin firam mai lamba biyu: ƙarfin aiki na dindindin, da ƙarfin ƙoli da zai iya bayarwa na ɗan lokaci. Idan ana shakkar allon ma, a dubi girman injin. Mai cc 163 kan ba da kilowat 2.0 zuwa 2.2. Mai cc 196 kan ba da 2.5 zuwa 2.8. Mai cc 208 ko 212 kan ba da 2.8 zuwa 3.0. Duk wanda ya nuna maka inji mai cc 196 ya ce kilowat huɗu ne, sitika yake sayar maka. A kuma ɗaga shi a ji nauyi, domin mai wayar tagulla ya fi mai wayar alminiyam nauyi, ya kuma fi shi jure zafi da fizgar tashi.

Waɗannan lambobin ma a wuri mai sanyi kusa da gaɓar teku aka auna su. Injin fetur yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, ga kuma zafi da ke rage masa wani abu. Kano tana sama da teku da kusan mita 500, a watan Afrilu kuma zafi kan kai digiri 40. Cire kashi 10 cikin ɗari adalci ne. Mutumin Jos, da ke sama da mita 1,200, zai cire fiye da haka duk da sanyin garinsu. Zafin nan kuma ta fuska biyu yake cizo: lokacin da janareta ya fi rauni shi ne lokacin da kwampireso ya fi wahalar tashi, saboda matsin gas ya hau.

Mai 2.0 zuwa 2.2 ya koma 1.8 zuwa 2.0 bayan ragi. Zai iya tayar da firizar in an kashe fankoki tukuna, to amma firiza ba ta neman izini kafin ta tashi, tamostat, na'urar da ke lura da sanyin cikinta, ne ke kunna ta da tsakar dare kowa na barci. Aka ajiye shi. Mai 2.5 zuwa 2.8 ya koma wajen 2.25 zuwa 2.5, wato 2,250 zuwa 2,500. A takarda bai kai 2,780 ba, amma a aikace yakan tayar, domin wuta na ɗan faɗuwa na ƙiftawar ido, jan motar ma ya ragu tare da ita, nauyin juyin inji ya cike sauran. Sai dai babu rara, kuma inji na tsufa. Mai 2.8 zuwa 3.0 ya koma 2.5 zuwa 2.7, ya kusa cike lambar tun a takarda, bambancin kuɗinsa da na ƙasa da shi kuma ba mai yawa ba ne. Shi aka saya, mai AVR, wato na'urar da ke daidaita ƙarfin wuta.

An so a ba maigidan shawarar ya sayi mai kVA 6, wato VA 6,000, ya huta gaba ɗaya. Shawara ce mai tsada. Kayan gidan VA 1,010 ne, ko kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin irin wannan inji ba su kai ba, kuma babban inji yana shan mai sosai ko da ba ya ɗauke da komai, don kawai ya riƙe juyi 3,000 a minti. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan bambancin ya zama abin da aljihu ke ji kowane mako. A kan wanda aka saya, kayan gidan na zaune a wajen kashi 40 cikin ɗari, wurin da inji ke aiki cikin natsuwa.

Sabon janareta, tsohuwar matsala

Ranar farko firizar ta tashi sumul. Kwana biyu bayan haka "ƙas" ya dawo, amma wannan karon jefi jefi. Dalilai biyu aka samu, kuma babu ɗaya da ya shafi girman janareta.

Na farko waya ce. An ja wa firizar wata siririyar waya ta mita 20 daga soket, mai kaurin milimita 0.75. Wuta na tafiya ta dawo, mita 40 ke nan, kuma a wannan kaurin, amfiya 9 na zubar da wajen bolt 9 a hanya, in ma tagulla ce ta gaske. Wannan da aka yanke bakinta aka kankare sai ga fari a ciki, alminiyam ce aka shafa wa tagulla, asararta ta fi haka. Ga soket ɗin da bakinsa ya saki har robarsa ta yi baƙi. Aka canza da waya mai milimita 2.5, wadda asararta a wannan tsawon ba ta kai bolt 3 ba, aka sa sabon soket na amfiya 13 na firizar ita kaɗai.

Na biyu ya fi ɓuya. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, yaron gidan kan ruga ya tayar da janareta ya juya canjoba, makunnin da ke mayar da gida kan janareta, cikin minti ɗaya. Kwampireson da aka yanke wa wuta yana tsakiyar aiki, gas ɗin da ke gabansa na nan a matse, sai an ba shi minti uku zuwa biyar kafin matsin ɓangarorin biyu ya daidaita. Rilen zamani ma, irin mai ƙaramin faifai a ciki, sai ya huce kafin ya sake ba kwayil ɗin tayarwa wuta. In aka mayar da wuta kafin haka, ko janaretan masana'anta aka kawo motar ba za ta juya ba. Hanzarin yaron ne ke jawo matsalar.

Maganin wata ƙaramar na'ura ce da ake sokawa tsakanin soket da filogi, wadda a kasuwa ake kira firji gad. Tana jinkirta wuta bayan ta dawo, tana kuma yankewa in wutar ta yi ƙasa ko sama da kima. An sa biyu masu jinkiri daban: na firiza minti uku, na firji minti biyar. Da wannan aka kashe lamba ta uku ɗin nan, 3,950, domin lokacin da suka fi haɗuwa a tashi shi ne lokacin dawowar wuta. Firiza ce ke fara tashi da gangan, mai nauyi a fara da ita tun janareta bai ɗauki kaya da yawa ba. Zai iya faruwa tamostat ɗinsu su haɗu a daƙiƙa ɗaya cikin dare, amma da wuya, kuma in ya faru obalod zai yanke ɗaya ya sake gwadawa.

Akwai sitabilaiza a gidan da aka so a saka, aka hana. Sitabilaiza ba ta ƙirƙiro wuta. In ta ga bolt ya faɗi, ƙarin amfiya take ja daga janareta don ta ɗaga shi, a daidai lokacin da janaretan ke numfashi da ƙyar. Sau da yawa ita da AVR sukan shiga kokawa, wannan ya ɗaga wancan ya sauke, a riƙa jin ƙas ƙas ba iyaka. Wurinta ɓangaren wutar layi ne.

An kuma duba gudun injin da mita mai nuna Hz, ma'aunin saurin juyawar wuta da ke bin gudun inji. Babu kaya ya nuna 52, da kaya ya sauko wajen 50, daidai ke nan. Wasu kan sa makaniki ya rage gudun inji wai don tsimin mai. Yin haka na sauke Hz da bolt tare, kwampireso ya riƙa zafi, a yi tsimin lita guda a biya kuɗin kwampireso.

Tsarin kunnawa da aka koya wa mutanen gidan shi ne a tayar da janareta babu kaya, a bar shi minti biyu ya ɗumama, sannan a juya canjoba. Wajen kashewa a fara cire kaya. Kada a bar mai ya ƙare masa yana ɗauke da firiza, domin tangal tangal ɗin da yake yi kafin ya mutu wuta ce marar ƙarfi yake aika wa kwampireso.

Awa nawa, da abin da janareta ba zai iya ba

Bayan komai ya daidaita uwargida ta kawo wani ƙorafin: ta zuba jaka huɗu na ruwan leda da magariba, janareta ya yi awa biyar, da safe ruwa ya yi sanyi amma bai daskare ba. Jaka huɗu lita 40 ce. A takardar firizar an rubuta tana iya daskarar da kilo 16 a awa 24. Lita 40 na buƙatar kwana biyu da rabi na wuta ba yankewa. Janareta komai girmansa ba zai sa kwampireso mai wat 190 ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa ba. Aka koma zuba jaka ɗaya a lokaci guda, a jikin bango inda sanyi ya fi, ana barin wanda ya daskare a ciki ya riƙe sanyi. Zoɓo kuma sai ya huce sarai kafin ya shiga. Haka dokar take ga naman layya: a yanka ƙanana, a shimfiɗa a leda marar kauri, kada a jibge rago guda a ce ya daskare kafin safiya.

Firiza cike da kaya daskararru, in ba a buɗe ta ba, takan riƙe har wajen awa 48, mai rabi kuma wajen 24. A zafin bazara a baranda kada a jira ta kai haka. Firji kuwa awa huɗu kawai yake riƙe abinci cikin aminci. Don haka firji ne ke tsara lokutan kunna janareta. A ranar da babu wuta sam, gidan na yin awa uku da safe, biyu da azahar, huɗu da dare, da robobin ƙanƙara biyu daga firiza da ake sakawa a saman firji su cike giɓin tsakani. Ma'aunin zafi na 'yan kuɗi kaɗan ya fi taɓawa da hannu: firji kada ya wuce digiri 5, firiza ta nufi 18 ƙasa da sifili. Da wannan kayan injin na shan ƙasa da lita ɗaya kaɗan a awa, wato lita 7 zuwa 8 a irin wannan rana. Wanda ranakunsa irin haka suka yi yawa, ya kamata ya zauna ya kwatanta kuɗin man shekara da kuɗin sola.

An matsar da firizar daga inda rana ke dukanta da yamma, aka bar mata tazarar tafin hannu daga bango. Takardarta na da harafin T, ajin ƙasashe masu zafi, wanda aka gina don ya jure har digiri 43. Firjin kuwa na hannu ne daga Turai mai harafin N, iyakarsa digiri 32, shi ya sa a bazara kwampiresonsa kusan ba ya hutawa. Wannan ba laifin janareta ba ne, amma yana ƙara awannin da ake ƙona mai.

Wurin ajiye janaretan ma an canza. Da a lungun bayan kicin yake, ƙarƙashin tagar ɗakin yara, saboda tsoron ɓarayi. Hayaƙin fetur na ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci, kuma kulle ƙofa ba ya hana ta shiga. An mayar da shi can ƙarshen tsakar gida, wajen mita shida daga kowace taga, bakin salansa na kallon waje, aka yi masa keji na ƙarfe mai rufin kwano, buɗe ta kowane gefe, da sarƙa da kwaɗo. Baƙin mai an juye na farko bayan awa 20, daga nan kuma duk bayan awa 50 zuwa 100, wajen lita 0.6 yake ci. Lokacin hunturu ana wanke soson iska duk mako, domin soson da ƙura ta toshe yana rage ƙarfin inji, kuma wurin da za a fara ganin alamar shi ne lokacin tashin firiza, fitila ta dushe fiye da yadda ta saba.